Ragunan Baba Isaka

Tun da na dawo daga Amurka, ba ranar da zan fito majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanlami tela ba a tare ni da tambaya ba. Wannan ya ce in ba shi labarin dogayen benaye, wancan ya ce wai da gaske ne can kare ma yana da likitansa, Alhaji Mudi kuwa kullum maganarsa ɗaya ce, ina tsarabarsa. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kuma duk ranar da na ɗauko sai an katse ni kafin in kai inda nake son kaiwa, shi ya sa na zauna na rubuta. Mai jiran labarin benaye ya yi haƙuri, ban gan su ba sai ta tagar jirgi. Amurkar da ni na gani a kulle take, abin da na fi sani a cikinta kuwa shi ne wani garken raguna da ƙofar baya ta wani gidan giya. Na san Alhaji Mudi zai ce ashe abin da ya kai ni ke nan. Ya karanta tukuna.

'Yata Saudatu ce ta matsa mini in je a duba idona. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a garin Greensboro, mijinta Nasiru kuma yana aiki a wani babban rumbun kaya. Na daɗe ina zillewa, don tun da na ajiye aikin malamin gona ba na son abin da zai raba ni da gonata. Amma ranar da yanar ido ta sa na rusuna na gai da yaron maƙwabcina ina ce masa Alhaji, sai na sallama. Niyyata in yi wata guda da 'yan kai, in dawo kafin azumi in yi sharar gona.

Na bar Malumfashi a watan Fabrairu na shekarar da korona ta ɓulla. A lokacin muna jin labarin cutar a rediyo kamar labarin yaƙin wata ƙasa mai nisa. Motar Kano na shiga, ba mu kai Gwarzo ba taya ta yi bindiga, aka sauke mu da kayanmu gefen titi. Nan jakar da matata Hajiya ta ɗaure mini ta buɗe baki, duk fasinjojin suka ga asirina: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, da kilishi naɗi guda. Wata tsohuwa da muke kujera ɗaya ta tambaye ni ko ƙasar da zan je yunwa ake yi.

Daga Kano jirgi ya kai mu wata ƙasa muka canja wani. A can na fara ganin mutane da takunkumi a fuska, ɗaiɗaiku, har ina yi musu dariya a raina. Na shiga yin alwala na ɗaga ƙafa na sa a kwamin wanke hannu, wani mai shara ya yi ta zuba mini faɗa da yarensa, ni kuma ina ba shi haƙuri da Hausa, muka rabu ba wanda ya fahimci wani.

A Washington aka tsayar da ni. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata kamar an aiko shi karɓar saƙo. Kilishi dai ya tafi, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Daddawa kuwa jami'in ya buɗe ya sunsuna, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa shi ma ya sunsuna, sannan suka mayar mini da ita da sauri. Sai ya tambaye ni ko na shiga gona ko na kusanci dabbobi kwanan nan. Na gyara tsayuwa na ce masa ni ai a gona na tsufa. Na ɗauka yabo zan sha. Sai aka ce in cire takalmana, aka tafi da su aka wanke da magani, aka bar ni zaune da safa a gaban jama'a. A duk rayuwata Bature bai taɓa wanke mini takalmi ba sai ranar, kuma ban ji daɗin abin ba.

Nasiru ne ya ɗauko ni da mota, tafiya ta kusa kai daga nan zuwa Abuja, ba rami ko ɗaya, ba kuma mai tallar gyaɗa ko ɗaya. Gidansu na haya ne, hawa na biyu, a bayan wani dogon titi da ake kira Gate City Boulevard, inda shagunan mutanen kowace ƙasa suke jere da wuraren sayar da motoci. Ginin na katako ne, in na yi tari maƙwabci yana ji, amma in mun haɗu a matakala sai ya ɗan yi murmushi ya wuce ba ko sannu. Ba zaure, ba dakali, ba wanda ke zama a ƙofar gida. Abinci kuwa Saudatu ta yi ƙoƙari, tana tuƙa mini tuwo da wani farin gari na kanti, miyar kukar Hajiya ta rufa masa asiri. Na ci nasu ma. Akwai wani fate na tsakin masara da suke ci da safe da man shanu, da wani ganye da ake dafawa har ya mutu, ɗanɗanonsa kamar rama da ba a yi mata ƙuli ba.

Jikata Amira ce ta fara jawo mini magana. Na ce mata amaryata, kamar yadda kowane kaka ke yi, ta tsaya ta ƙura mini ido, ta amsa da Turanci cewa ita ba ta isa aure ba kuma za ta gaya wa malamarsu. Saudatu ta roƙe ni don Allah in bar wannan wasan a Malumfashi, don a can ana iya turo hukuma. Abin ya ba ni dariya, daga baya kuma ya ba ni tausayi, yarinya ta tashi ba ta san daɗin tsokanar kakanta ba.

Juma'ar farko muka je masallaci. Ina cikin sahu sai hancina ya kama wani abu da ban ji ba tun da na bar gida, warin tunkiya. Ana sallamewa na juya, na ga wani tsoho siriri mai furfura, da rigar sanyi duk gashin dabba. Na ce masa, Baba, kiwo kake yi? Ya kama hannuna ya ƙi saki. Sunansa Baba Isaka, Bahaushen zangon Kumasi ne. Ya yi shekaru yana aiki a masana'antar kujeru har bayansa ya ƙi, matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya Awudu yana can wata jiha mai suna Ohayo. Yanzu ya kama hayar wani ɗan fili a McLeansville, wani ƙauye-ƙauye gabas da gari, yana kiwon raguna yana sayar wa mutanenmu na suna da biki da layya.

Washegari ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa ya kai ni. Jama'a, na ga raguna. Na yi aikin gona shekara da shekaru, na san ragon da ya ƙoshi, waɗannan gashinsu har ƙyalli yake yi. Filin kuwa ƙarami ne, ciyawar ba za ta riƙe rabinsu ba. Muna tsaye jikin shinge yake gaya mini Awudu kullum sai ya bugo waya ya ce ya sayar da komai ya koma wurinsa, ya tanadar masa ɗaki a can saman bene.

Ya ce, "Malam, ranar da ragunan nan suka ƙare, ranar zan hau benen Awudu in zauna gaban talabijin in jira mutuwa. Ba na so koraa."

Koraa ɗin nan tasu ce ta Gana, ko kaɗan ke nan. Na tambaye shi me yake ba su suka yi wannan ƙiba, ya ce in shiga mota in gani.

Muka koma cikin gari, ya bi wani lungu ya tsaya bayan wani tsohon gini na jan bulo. Tun kafin in sauko na ji ƙamshi mai ɗumi kamar ana dama kunun zaƙi. Da na ɗaga kai na karanta allon, sai na ce innalillahi, Baba, gidan giya ka kawo ni? Ya ce ƙofar baya ya kawo ni, shi ma tun da yake zuwa bai taɓa taka ta gaba ba.

Ga yadda abin yake. Ba irin manyan kamfanonin nan ba ne, ƙaramin wuri ne na mutum ɗaya, a baya ake dafawa, a gaba mutanen unguwa ke zama su sha. Suna jiƙa tsiron sha'ir a ruwan zafi, su tace ruwan mai zaƙi, shi ne suke dafawa su sa masa yis ya zama abin da ya zama. Hatsin da aka tace kuwa ba su da abin yi da shi, kuma in ya kwana biyu sai ya yi tsami ya cika unguwa da ɗoyi. Wannan jiƙaƙƙiyar dusa ita Baba Isaka yake kwashewa a durom-durom, kyauta. Na tuna matan ƙauyukan Maguzawa da nake zuwa aiki, masu dafa burukutu, su ma dusarsu awaki ke ci. Na ɗiba na ɗanɗana, ba komai a cikinta sai ɗan zaƙi, tun kafin a kai ga haram aka fitar da ita. Baba ya ce ya tambayi liman tun farko ya ce ba laifi, amma har gobe akwai wani Alhaji da ba ya sayen ragonsa, wai ragon mashaya ne.

Mai wurin sunansa Wolta, wani ƙaton farin tsoho mai gemu, da takalmin roba har gwiwa. A masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, da aka rufe ta ya tattara abin da ya samu ya sayi tukwanen ƙarfe ya buɗe wannan wuri shi da matarsa Jun. Turancinsa ja yake yi kamar ƙosasshen mai barci, rabi nake kamawa. Ya san Baba ba ya shiga ciki, don haka ya ajiye butar shayi da kofi guda a kan wani benci a bakin ƙofar, na Baba ne shi kaɗai. Da ya gan ni ya koma ya nemo kofi na biyu, ya wanke a gabana har sau biyu don in gani. Suna zama su sha, Wolta ya tambayi lafiyar raguna, har ya san na cikinsu mai faɗa. Ban ji sun taɓa wata hira mai tsawo ba, amma na lura in Baba ya makara Wolta na tsaye a lungu yana leƙe.

Aka yi mini aikin ido ɗaya, aka sa ranar na biyu. Kafin ranar ta zo duniya ta rufe.

Ku ma kun sha kulle, ba sai na gaya muku ba, amma namu na gida da nasu ba ɗaya ba ne. Nan ko an hana fita, ka ji muryar maƙwabci ta kan katanga, yara su ɓulla ta wani wuri. Can da ma kowa a ɗakinsa yake, da aka ce a kulle sai garin ya zama kamar an kwashe mutanen. Titin Wendover da motoci ba sa yankewa ya koma fayau. Aka rufe makarantu, aka rufe masallaci, asibiti suka ce idona ya jira, sannan muka ji an rufe filayen jirgin sama a gida. A kantuna har rigima ake yi kan takardar shiga bayi, na dubi butata na ce Allah na gode maka.

Dariyar ba ta daɗe ba. Saudatu ta koma ɓangaren masu cutar. In ta dawo ba ta taɓa kowa, sai ta wuce wanka, ta shige ɗaki ta rufe, a ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Amira takan zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar suna magana ta ƙarƙashi. Ni da na haife ta, gaisuwarmu ta koma ta waya, muna gida ɗaya. Wani bawan Allah ɗan Nijar mai tuƙa tasi, wanda ya taɓa rage mini hanya ya ƙi karɓar komai, ya rasu a asibiti shi kaɗai. Mutum ƙalilan aka bari suka yi masa salla, ba zaman makoki, ta'aziyya ta waya. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Saudatu ta hana ni fita, amma da ta ga na fara magana ni kaɗai a gaban taga sai ta yarda in riƙa bin Baba Isaka, tunda fili ne, da sharaɗin takunkumi da buɗe gilasan mota. Haka muke tafiya, tsofaffi biyu da baki a ɗaure, iska na dukanmu.

Ranar da muka koma wurin Wolta bayan an sa kulle, na leƙa ta ƙofar baya na hango kujeru a kife kan tebura. Ya sallami ma'aikatansa, ya ce ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu, wata a cikinsu tana da goyo. An yarda ya sayar da giyar ta taga a tafi da ita gida, amma shi ba shi da injin zubawa a gwangwani, kuma mutanensa ba don abin shan kaɗai suke zuwa ba, don zaman suke zuwa. Majalisarsu ce, kamar tamu ta ƙofar Ɗanlami, sai dai abin da ake sha ya bambanta. Wani zuwan muka tarar yana tuntsurar da gangunan da suka lalace a magudana. Ni Musulmi ne, in an ce mini zan ga ana zubar da giya in ji ba daɗi zan ce ƙarya ne. Giyar ba ta dame ni ba. Fuskar mutumin ce ta dame ni, irin fuskar manomin da ke kallon ruwa na cin gonarsa.

Wolta ya gaya wa Baba cewa shi ya rage dahuwa, amma ya riƙa zuwa duk Talata. Haka aka yi. Duk Talata durom-durom a cike, da ɗuminsu. Azumi ya kama, Wolta ya daina dafa shayin, shi ma ba ya sha a gabanmu. Ba suna, ba biki, ba mai sayen rago, amma Baba bai damu ba. Lissafinsa ɗaya ne, in dusa ba ta yanke ba har layya, ya tsira.

Wata Talata cikin azumi muka yi sammako fiye da yadda muka saba. Ƙofar a buɗe, Wolta ya ba mu baya bai ji zuwanmu ba. Muna kallo ya gama jiƙa hatsin, ya buɗe famfon tukunyar, ruwan zaƙin nan da shi ne dukiyar, ya bar shi yana kwarara cikin magudana. Ko wuta bai kunna wa tukunyar dahuwa ba. Da ya tsiyaye tas sai ya ɗauki shebur ya fara cika durom ɗin Baba.

Baba Isaka ya ja hannuna muka koma mota, muka zauna har aka jima, sannan muka fito kamar yanzu muka iso. Muka ɗora durom-durom muka kama hanyar McLeansville. Sai da muka juye wa raguna suna ta turereniya, ya ce mini ashe ba giya mutumin nan yake dafawa ba, abincin raguna yake dafawa. Mutumin da ya sallami ma'aikata, haya na bin sa, shi ne zai riƙa ƙona hatsinsa da wutarsa saboda dabbobin wani.

Ya ce, "In na ci gaba da zuwa, na zama mara kunya paa. In na tambaye shi, cewa zai yi ba komai."

Paa ɗin ma tasu ce, ƙwarai ke nan. Na ce masa gaskiya ne. Duk wanda aka haifa a cikinmu haka zai gani. Mutum ya yi maka alheri a ɓoye, ka gane yana cutuwa, ai sai ka janye a ɓoye, kada ka kunyata shi kada ka kunyata kanka.

Talata ta gaba Baba ya gaya wa Wolta ya samu wani wuri kusa da gona da za a riƙa ba shi abincin dabbobi, ba sai ya sake wahalar da kansa ba. Wolta ya tsaya da shebur a hannu, ya dube shi, ya ce to, madalla, ya ji daɗi. Ya taya mu ɗora durom na ƙarshe. Da muka juya mota na hango shi ta madubi yana tsaye a lungun.

Ba wani wuri. Buhun abincin dabbobi na kanti Baba ya koma saye, da damin busasshiyar ciyawa, alhali ba abin da ke shigo masa. Ragunan suka cinye filin har ƙasa. Wata rana muka ɗauki lauje muka tsaya gefen hanya inda ciyawa ta yi tsawo, mun fara yanka ke nan wata mata ta fito daga gidanta tana ɗaga hannu, ta ce filinta ne, kuma an yi masa feshin magani. Muka zubar muka ba ta haƙuri. Can ko ciyawar bakin titi da mai ita.

Rago ba ya ɓoye yunwa. Gashin ya dushe, ƙashin baya ya fito, mai faɗan nan ma ya daina faɗa. Bayan ƙaramar salla Baba ya fara sayarwa, biyu yau, uku wani mako, ga wani mahauci ɗan Meziko da ke zuwa da tirela, a farashin da ba zan faɗa ba don takaici. Da kuɗin waɗanda suka tafi yake ciyar da waɗanda suka rage. Na ce masa mu koma wurin Wolta mana, tunda an ce an fara sassauta doka. Ya ce da wane baki, bayan ya ce ya samu wani wuri. Lokacin da masu layya suka fara bugo waya suna neman rago, saura ɗaya a garken, shi ma na layyarsa ne.

Sallar layya a falo muka yi ta, Nasiru ya ja mu. Da rana muka je wata gona da hukuma ta yarda a yi yanka, Baba ya yanka ragonsa. Ya ware cinya guda ya naɗe, ya ce duk shekara sai ya kai wa Wolta, bana ma ba zai fasa ba, ko ba komai maƙwabcin arziki ne.

Mun tarar da babbar mota a lungun. Wasu samari suna kwance tukwanen ƙarfen suna ɗorawa, wani ne daga wata jiha ya saya. Jun, matar Wolta, ita ta fara ganin mu, 'yar ƙaramar tsohuwa da takunkumin atamfar da ta ɗinka da kanta. Ta ce hayar wurin ta ƙare ba su sabunta ba. Ta ce ba ta ɗora wa kowa laifi, cutar ce ta kashe kasuwar, ko da me aka yi da wuya su kai baɗi. Amma muddin Wolta yana tashi ranar Talata yana hura tukunya, yana maganar yadda za a yi a buɗe. Tun da Baba ya samu wani wuri, sai shi ma Wolta ya daina zuwa, ya zauna a gida.

Wolta na zaune kan bencin nan. Ya rame, gemun ya yi buzu-buzu. Ba halin musabaha, Baba ya ajiye cinyar a ƙarshen benci ya ja da baya. Wolta ya yi godiya, sannan ya tambayi raguna, ya ce yana fata sabon wurin na ba su mai kyau.

Ina ganin da Baba zai iya da ya sake rufewa, amma ranar salla ce, kuma ya gaji. Ya ce babu raguna, babu kuma wani wuri, bai taɓa samun wani wuri ba. Ya gaya masa abin da muka gani ranar da muka yi sammako.

Wolta ya dube shi. Ya ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Baba ya ce, "A wurinmu ba a tambayar mutum ko an yi masa nauyi. Zai ce a'a ko yana mutuwa."

Wolta ya ce, "Mu kuma in mutum ya ce ya samu wani wuri, sai mu yarda."

Ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya zagaya da mu bayan ginin inda ake tara shara. Buhunan sha'ir ne jibge, sun fi tsayina. Ya ce tun kafin kulle ya saye su na shekara guda, wanda ya sayar masa ya ƙi karɓa, ba kuma mai saye tunda kowa ya daina dahuwa. Ko ya jiƙa ko bai jiƙa ba asara ce. Jiƙawar ma don ya ga ragunan sun saba da mai laushi ne, kuma shi ma yana son ya ga tururi na tashi a wurin. Zafin bazara da laima suka shiga sito, ga abin da ya rage.

Baba Isaka ya zura hannu cikin wani buhu da ya yage ya ɗebo. Hatsin ya dunƙule ya yi baƙi-baƙi, ƙwari na bin yatsunsa. Na duba tarin da idon aikina, ko ban auna ba na san zai kai garken nan layya har ya wuce. Ban faɗa ba, shi ma ya sani. Ya buɗe hannu ya bar shi ya zube, ya goge a rigarsa ta salla. Su biyun suka tsaya nesa da juna, tsofaffi da baki a ɗaure, ba wanda ya iya dafa kafaɗar wani. Ni dai na koma mota, don hawaye na zubo mini har ta idon da ba a gyara ba.

Ba a yi wata ba Awudu ya zo da mota ya ɗauki mahaifinsa. Ni kuma da aka buɗe hanya, bayan an zura mini tsinke a hanci an tabbatar ba ni da cutar, na kamo hanyar gida. Damina ta riga ta yi nisa, ƙanena ne ya noma mini gonar.

Baba Isaka yana bugo mini waya daga Ohayo. Ya ce ɗakin na da kyau, Awudu da matarsa ba su rage shi da komai ba. Ya gane lokacin da nake ba 'yan tumakina dusa da la'asar, shi a can hantsi ne, to a lokacin yake kira. In mun gaisa sai ya ce, Malam, kai ni wurinsu. Sai in shiga garke in riƙe wayar a sama, suna kuka suna ture kwano. Shi kuma yana ta saurare. In an jima sai in ji ya ce ya isa, Allah ya yi albarka, ya kashe.